Murhu mai tattalin itace: yadda yake aiki da abin da ya haɗa shi da goggon birin Kuros Riba

Murhu mai tattalin itace murhu ne da aka ƙera ko aka gina ta yadda zai dafa abincin da murhun duwatsu uku ke dafawa, amma da itace ko gawayi kaɗan, hayaƙi ma kaɗan. Wasu na ce masa ingantaccen murhu, wasu murhun zamani. Akwai na ƙarfe da ake saye a kasuwa, akwai na laka da mace za ta gina da hannunta a madafi, akwai kuma wanda aka haɗa ƙarfe da yumɓu. Ba na gas ba ne, ba kuma risho ba ne. Itacen nan da gawayin nan da muka sani su ne abincinsa, cin ne kawai aka rage masa.

Abu biyu suka sa maganarsa ta shafe mu, mu mazauna kudu. Na farko aljihu. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya fara ɓacewa daga gidajenmu, sannan bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, kuɗin gas ya yi tashin da gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas a lungu suka koma wa gawayi. Na biyu kuwa, a ƙauyukan da ke bakin manyan dazuzzuka, masu aikin kare daji suna koya wa mata gina irin wannan murhu, suna cewa don a ceci namun dajin da suka kusa ƙarewa ne. Mutum zai ce, to me ya haɗa murhu da biri? Akwai haɗin, sai dai bai kai yadda ake kambama shi ba, kuma bai yi ƙanƙantar da za a raina shi ba.

Inda zafin wuta yake tafiya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhun gargajiya ya san zafin ba tukunya kaɗai yake samu ba. Yana dukan ƙafafun mai girki, yana shiga ƙasa, duwatsu suna sha, iska tana kwashe saura. Masu auna wannan abu sun ce galibi kashi 10 zuwa 15 ne kawai cikin 100 na zafin itacen ke shiga tukunya. Wato idan ka sayi dami goma, ɗaya ko ɗaya da rabi ne ya yi maka girki, sauran ka ƙona wa sararin Allah.

Hayaƙin ma da muke gani asara ce. Itace idan ya ji zafi yana fitar da wata iska, ita ce take kamawa ta zama harshen wuta. Idan wurin bai yi zafi sosai ba, ko iskar shaƙa ba ta ishe shi ba, sai ta fita ba ta ƙone ba. Ita ce hayaƙi, ita ce baƙin da ke manne wa gindin tukunya da rufin ɗaki. Saboda haka murhun da ke yawan hayaƙi, kuɗinka ne yake tashi sama kana kallo.

Wani Ba'amurke mai suna Larry Winiarski, wanda ya yi aiki da cibiyar Aprovecho a jihar Oregon, shi ya tsara dabarun da yawancin waɗannan murahu ke bi, a farkon shekarun 1980. Ana kiran nasa murhun roket saboda ƙarar da wutar ke yi idan ta kama sosai. Dabarar ba ta da wuya. Ramin wutar kamar gwiwar hannu yake: ƙofa a ƙasa inda ake tura itace, sai ɗan gajeren bututu da ya miƙe sama zuwa gindin tukunya. Ana ɗora itacen a kan wani ɗan faranti ko ƙarafa don iska ta riƙa shiga ta ƙarƙashinsa. Bakin itacen kawai ke ci, ana tura shi a hankali. An kewaye bututun da abin da ba ya shan zafi, kamar toka ko yumɓun da aka cuɗa da dusar katako, don zafin ya tsaya ciki ya ƙone hayaƙin. Sannan ana sa wani zagayen ƙarfe a jikin tukunya da 'yar tazara kamar kaurin ɗan yatsa, ta yadda zafi zai bi jikin tukunyar ya lashe ta kafin ya fita.

Wannan zagayen na ƙarshe mutane sun fi raina shi, alhali yana cikin abin da ya fi rage cin itace. Na ga wani mai shayi da bai taɓa jin sunan Winiarski ba ya yanke gwangwanin mai ya kewaye butarsa da shi don iska ta daina kaɗa masa wuta. Ilmin ɗaya ne.

Ire-irensa

Na laka shi ne na talaka, kuma shi aka fi koyarwa a ƙauye. Ana kwaɓa jar ƙasa ko ƙasar suri da yankakkiyar ciyawa ko dusar katako, wasu su ƙara kashin shanu, a bar ta ta kwana biyu ta tsima. Sai a gina shi daidai da tukunyar da za a riƙa ɗorawa, tukunyar ta nutse ciki har kusan wuyanta. Wasu kan yi masa baki biyu, na tuwo da na miya, da ƙofar itace ɗaya. Idan an sami bututu a fitar da hayaƙi waje, ya fi. Ba ya cin kuɗi, amma ba ya son ruwa, kuma kun san ruwan kurmi ba ya wasa. Dole a yi masa rumfa, a kuma riƙa shafe tsagewarsa.

Na gawayi da ya fi suna shi ne Jiko na ƙasar Kenya, wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1980. Kurfoti ne dai kamar namu, amma an sa masa gasasshen yumɓu mai huji-huji a ciki, da 'yar ƙofa a ƙasa da ake buɗewa ko rufewa don a ƙara wuta ko a rage. Yumɓun yana riƙe zafi maimakon ƙarfe ya watsar da shi. A Gana sun yi nasu mai suna Gyapa, 'yan uwanmu na zango-zango a Kumasi da Ankara sun san shi sarai. Irin wannan yana rage cin gawayi daga kashi ɗaya bisa huɗu har zuwa kusan rabi, gwargwadon hannun mai girki.

Akwai kuma Save80, murhun farin ƙarfe mara tsatsa da wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair ta yaɗa a Najeriya tare da ƙungiyar DARE ta Kaduna, yanzu har akwai masana'antarsa a Kano. Sunansa daga iƙirarin masu shi ne cewa yana rage kashi 80 cikin 100 na itace. Ƙirare yake ci, 'yan guntaye kamar yatsa, kuma da tukunyarsa yake zuwa wadda take nutsewa cikinsa gaba ɗaya. Ana haɗa shi da wani akwati mai riƙe zafi: shinkafa ko wake ya tafasa, a sauke tukunyar a sa ciki a rufe, ya ƙarasa nuna ba wuta. Murhu ne mai kyau, matsalarsa tsada, shi ya sa ake sayar da shi biya kaɗan-kaɗan.

Kada in manta da murhun Abacha. Manyanmu da suka yi zaman kudu a shekarun 1990, lokacin da kananzir ya yi wuya, sun san shi: gwangwani a danƙara masa dusar katako a bar rami a tsakiya, a kunna ta ƙasa. Wahala ce ta haife shi, amma dabara ce ta gaske, don dusar da masu injin katako ke ƙonawa a banza ita ta zama makamashi.

Dajin da ake magana

Hausawa ba su kira kudu kurmi a banza ba. Amma kurmin na ainihi, mai manyan itatuwan da rana ba ta ratsawa, saura kaɗan ya rage a Najeriya, kuma mafi girman abin da ya rage yana jihar Kuros Riba. Nan gandun dajin ƙasa na Kuros Riba yake, wanda aka kafa a 1991, da sassa biyu: Oban a kudu kusa da Kalaba, da Okwangwo a arewa. Kusa da Okwangwo, a ƙaramar hukumar Boki, akwai tsaunukan Mbe da tsaunin Afi. Duk wanda ya bi hanyar Ikom zuwa Obudu ya ratsa tsakanin Afi da Mbe, ko da bai sani ba. Ni na sha bin hanyar a bayan mota tare da mahaifina, kasancewar sana'ar gidanmu fataucin shanu ce, kuma idan ka ɗaga kai za ka ga tsaunuka baƙi ƙirin da itatuwa, hazo ya rufe kansu.

A cikin waɗannan tsaunuka goggon birin Kuros Riba yake zaune. Wani masanin dabbobi Bajamushe, Paul Matschie, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1904. An daɗe ana zaton ya ƙare a Najeriya sai a shekarun 1980 aka tabbatar yana nan. Ƙiyasin masana shi ne duk duniya ba su wuce 300 ba, tsakanin Najeriya da Kamaru, kuma kimanin 100 ne a ɓangarenmu, a wurare uku: Afi, Mbe da Okwangwo. A tsallaken iyaka akwai gandun Takamanda na Kamaru. Ku auna wannan: duk goggon birin Najeriya bai kai shanun da ake saukewa a kara ɗaya da safe ɗaya ba.

Abin da ya sa lamarinsu ya yi tsanani shi ne haihuwa. Saniya mai lafiya idan ta sami kiwo tana iya ba ka maraƙi kusan duk shekara ko shekara biyu. Macen goggon biri ɗa ɗaya take haifa, sai ta yi wajen shekara huɗu kafin ta sake. Idan aka kashe mace ɗaya, garke ya yi asarar da zai daɗe bai mayar ba. Ga shi kuma an raba su tsauni-tsauni. Duk makiyayi ya san abin da ke faruwa da garken da ba a shigo masa da sabon bijimi: iri yana lalacewa. Su ma haka, suna buƙatar zirin daji da zai haɗa wannan tsauni da wancan don su riƙa cuɗanya. Tsaunukan Mbe su ne gadar da ke tsakanin Afi da Okwangwo, kuma abin sha'awa, ba gwamnati ke riƙe da su ba. Ƙauyuka tara ne da ke kewaye suka haɗu suka kafa ƙungiyar kula da wurin, ƙungiyar WCS tana tallafa musu da masu gadi. A 2020 WCS ta fitar da hotunan da kyamarar da aka ɗaure a jikin itace ta ɗauka a Mbe, aka ga garken goggon biri da jarirai a bayan uwayensu. Hotunan sun zaga duniya, don dabba ce mai tsananin gudun mutum.

Ba su kaɗai ba ne. Akwai wani biri mai baƙar fuska da ake kira diril, wanda ƙungiyar Pandrillus ke renonsa a Kalaba da gindin tsaunin Afi. Akwai cimfanzi irin na Najeriya da Kamaru, akwai giwar kurmi, akwai ɗankunya da ake farautarsa saboda ɓawon jikinsa. Har tsattsewa da ke tasowa daga Turai lokacin sanyinsu tana sauka da yawan gaske a yankin Boje. A yamma kuma, gandun Omo na jihar Ogun da Okomu na jihar Edo suna da sauran giwaye.

Gaskiyar rabon murhu a wannan aiki

A nan nake so a yi adalci. Idan wani ya ce maka matar ƙauye mai neman itacen girki ita ta cinye dajin Boki, bai faɗa maka gaskiya ba. Manyan masu cin dajin su ne faɗaɗa gonakin koko da ayaba, masu injin yanka katako, wutar da ake sakawa don sharar gona ta kuɓuce ta hau tsauni da rani, da mafarauta masu ɗana tarkon waya. Gwamnatin jihar ta taɓa hana sare katako a 2008 zamanin Gwamna Liyel Imoke, amma motocin katako ba su daina fitowa ba. Mace kuwa yawanci busasshe take tsinta, wanda ya faɗi da kansa ko wanda aka sare a gona.

To ina murhu ya shigo? Ta hanya uku, a fahimtata.

Ƙauye yana girma, busasshen itacen kusa yana ƙarewa. Sai a fara sassaƙe ɓawon ɗanyen itace a bar shi ya bushe a tsaye, a dawo a sare. Sai tafiya ta ƙara nisa, ta shiga cikin gandu. Hanyar da mai itace ta buɗe, ita mai tarko zai bi gobe, ita mai neman sabuwar gona zai bi jibi. Daji ba ya mutuwa rana ɗaya, daga baki yake sirancewa. Idan gidaje ɗari suka rage rabin itacen da suke ci, sawun da ke shiga dajin ya ragu, kuma wannan zirin da birai ke bi ya sami sauƙi.

Ta biyu ita ce wutar sana'a, kuma a ganina ita ta fi girma. Suyar garin rogo a faffaɗan kasko tun safe har yamma, dafa ƙwaƙwar manja a durom, busar da kifi a bakin teku da itatuwan da ke fitowa cikin ruwan gishiri, gidajen burodi. Waɗannan ba ƙirare suke ci ba, gungume suke ci, kuma saye ake yi, wato akwai mai sarewa don ya sayar. Mai suyar gari ɗaya na iya ƙona abin da gidaje da dama za su ƙona a rana. A Gana tun 1969 aka fito da tandar busar da kifi ta Chorkor, wadda aka sa wa sunan wata unguwar masunta a Ankara, ana jera faranta bisa juna a kan wuta ɗaya. Irin wannan gyara a wutar sana'a ya fi raba ƙananan murahu dubu a ɗauki hoto.

Ta uku gawayi, kuma nan ne mu 'yan birni muka shigo tsundum. A ramin gargajiya da ake rufewa da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Kuma mai gawayi ba ya son itacen banza, mai ƙarfi yake nema, irin su ƙirya da marke da kaɗanya, don su ne gawayinsu ke daɗewa. Wanda ya bi yankin Oke-Ogun ta Saki da Iseyin ya ga buhuna jere a bakin titi suna jiran motar Ibadan da Legas. Duk buhun da ka rage a gidanka, itace mai yawa ka bari a tsaye a wani wuri da ba ka taɓa zuwa ba.

Idan ana son ganin inda gawayi ya kai mutane, a dubi gandun Virunga a gabashin Kwango, wanda aka kafa a 1925, gandun dajin ƙasa mafi daɗewa a Afirka. Birnin Goma da ke gefensa da gawayi yake girki, kuma cinikin ya zama na 'yan bindiga. A watan Yulin 2007 aka harbe goggon birai na iyali ɗaya a cikin gandun, har da babban namijinsu, ba a ci namansu ba, ba a ɗauki komai ba. Bincike ya danganta kisan da rikicin masu cinikin gawayi da masu gadin daji. Bayan nan aka ƙarfafa dasa itatuwan makamashi a gonakin mutane a wajen gandun, da ƙera ingantattun murahu a Goma. Mu ba mu kai can ba, Allah kada ya kai mu, amma hanyar da suka bi ba baƙuwa ba ce.

Namu hannun

Mu Hausawan kudu ba manoman koko ba ne, ba mu da gona a Boki. Amma ku duba sana'o'inmu. Mai suya a Bogobiri ta Kalaba, mai shayi a Agege, mai tuwo a Sabo ta Ibadan, mai ƙosai a Ama Hausa ta Owerri, masu dafa wa fatake abinci a karar Lokpanta, duk wuta suke hurawa tun asuba. Ga masu babbaka a kwata, masu ƙone gashin kai da ƙafa da ganda. Wannan wuta a fili ake yinta, iska na kaɗawa, kuma idan itace ya yi tsada wasu kan koma wa tsohuwar taya da roba, abin da jami'an lafiya suka daɗe suna hanawa saboda gubar da ke shiga naman da ƙirjin mai aikin. Ramin babbaka da aka gina da bulo aka kare shi daga iska, aka sa masa ƙarafa itace ya sami iska ta ƙasa, zai rage cin itace ba tare da an jira wata ƙungiya ba. Maƙeranmu da masu walda da ke yin kurfoti da tukwane, wallahi ba abin da zai gagare su a ƙirar Jiko, yumɓun ciki kawai za a samo wa mai gasawa.

Akwai kuma lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sauransu. Mata da yaran da ke goye a bayansu su suka fi shaƙa. A zamanmu na haya, ɗaki ɗaya da baranda, idan damina ta kankama a ƙofar ɗaki ake girki. Sai dai a sani, murhu mai tattali yana rage hayaƙi ne, ba ya kawar da shi. Gas da lantarki sun fi shi tsafta nesa ba kusa ba. Kuma gawayi, ko a wane murhu yake, yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Kada a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, mutane sun kwanta a haka ba su tashi ba.

Me ya sa ake raba shi a jefar?

Wannan ita ce tambayar da masu raba murhu ba su son a yi musu. A jihar Odisha ta Indiya, wasu masana tattalin arziki uku, cikinsu har da Esther Duflo wadda ta sami kyautar Nobel a 2019, sun bi gidajen da aka gina wa ingantaccen murhun laka har shekara huɗu. Shekarar farko hayaƙin da mata ke shaƙa ya ragu. Daga nan amfanin ya ɓace, don murahun sun tsage ba a gyara ba, bututu ya toshe, mata suka koma wa tsohon murhunsu. A 2024 kuma masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka duba ayyukan murhu da kamfanoni ke karɓar kuɗin rage gurɓatar iska a kansu, suka gano cewa ragin da ake iƙirari ya ninka na gaskiya kusan sau tara.

Mu ma muna da namu labarin. A watan Nuwamban 2014 majalisar zartarwa ta gwamnatin Jonathan ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000 da jakunkunan riƙe zafi 18,000 a raba wa matan karkara. Maganar ta ƙare a cece-kuce, ba a raba wannan adadi ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta sake amincewa da wata manufa ta girki mai tsafta, da burin kowa ya samu kafin 2030. Muna kallo.

Amma ko an raba, dalilan jefarwar a madafi suke, ba a ofis ba. Tuƙin tuwo ko amala yana son tukunya ta zauna daram, mace ta danne ta ta tuƙa da ƙarfi. Murhun da ke rawa ba zai yi kwana uku ba. Tukwanenmu masu zagayayyen gindi ne, murhu da yawa kuma an yi su ne don mai shimfiɗaɗɗen gindi. Gidan mutum goma sha biyar ba zai yi girki da tukunyar lita takwas ba. Murhun roket yana son a faskara itace ƙanana a kuma zauna ana turawa, alhali a murhun gargajiya mace za ta tura gungume ta tafi wanki. Hayaƙin ma da muke zagi yana da aikinsa a ƙauye: yana korar sauro, yana hana ƙwari cin rufin ciyawa, yana busar da nama da irin shuka da aka rataye a sama. A kan tsaunin Obudu, inda sanyi yake kamar Jos ko ya fi, wutar ɗumi ce ma. Wanda ya kawo murhu bai tambayi mai girki waɗannan ba, ya kawo wa kaji wurin ƙwai.

Shi ya sa wanda aka saya da kuɗi, ko aka gina da hannu, ya fi na kyauta daɗewa. Kuma inda akwai mai gyara a cikin gari, murhu yana rayuwa.

Ga mai son gwadawa

Kada ka yarda da lambar da aka rubuta a kwali. Kashi 80 ko 60 da ake faɗa a ɗakin gwaji aka samo su, da busasshen itace da ƙwararren mai hurawa. Ka yi naka awon. Mako ɗaya a yi girki da tsohon murhu, a ƙirga dami ko mudun gawayin da aka ci. Mako na biyu a yi da sabon, abinci iri ɗaya, mutane adadi ɗaya. A ce misali gidanku na cin mudu goma sha huɗu a mako ya koma tara, ka ninka biyar ɗin da kuɗin mudu, ka ga mako nawa murhun zai biya kansa. Idan mai sana'a ne, lissafin ya fi saurin fitowa.

Wajen saye, ka je da tukunyar da aka fi amfani da ita a gida a ɗora a gani, mai girkin kuma ita za ta zaɓa, ba kai ba. Ka duba kaurin ƙarfen da ke fuskantar wuta, don shi ke fara cinyewa, ka tambaya ko ana samun canjinsa. Na yumɓu ka ƙwanƙwasa shi, idan ya yi ƙara garau ya gasu, idan ya yi dum akwai tsaga. Kada a kashe wutarsa da ruwa, yumɓu mai zafi yana fashewa. A kwashe garwashin a sa a gwangwani mai murfi, zai mutu da kansa, gobe a sake amfani da shi.

Sai babbar matsalarmu ta kudu, jiƙaƙƙen itace. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta sai ta gama ƙafar da ruwan kafin ta waiwayi tukunya, kuma babu murhun da zai gyara wannan. A faskara shi tun da wuri, a jera a kan duwatsu ko katako kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa a bar gefe iska na ratsawa. Na gobe a jingina shi kusa da murhu yau ya sha ɗumi. Wake a jiƙa shi tun dare, tukunya a rufe ta, abu ya tafasa a janye itace ɗaya, don ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai wutar da aka hura masa. Na laka kuma idan aka gama gininsa a bar shi ya bushe a inuwa mako biyu zuwa uku kafin a sa masa wuta, farkon hurawa a fara da 'yar ƙarama, tsagar da ta fito a cike ta da ragowar ƙasar da aka gina shi da ita.